Mai Nuna Ciyawa Da Yatsa

Akwai wani mutum da nake jin haushinsa, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce "ni na ɓata" ba. In aiki ya yi kyau, shi ne. In ya lalace, kafin ka buɗe baki ya riga ya samo wuyan da zai rataya wa. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na zauna da mutane, na kuma kalli ƙwallo har ido ya gaji. Zauna, malam, in ba ka misali, in ya so ka kai masa.

An yi wani ɗan wasan tsakiya a ƙasar Sifaniya. Ba ya cikin waɗanda ake liƙa hotonsu a shagon aski. A rukuni na biyu na gasar ƙasar ya ƙare ƙuruciyarsa, shekara goma sha huɗu, a kulob ɗin wani garin masunta a bakin teku. Ya iya wasa, ba zan rage masa ba. Sai dai yana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da ya tura wa wani ƙwallo ta ɓace, ba ya bin ta. Sai ya tsaya cak, ya buɗe hannu biyu, ya nuna wani wuri a ciyawa da yatsa, wato nan ya kamata a tsaya masa. Su kuwa 'yan kallo idonsu na kan mai ƙwallo, ba kan mai jira ba. Su ga yatsa, su bi yatsa, su sauke ihu a kan ɗan gefen dama, wani siririn mutum marar magana mai lamba bakwai. Kakar wasa biyar ana yi masa ihu. A ta shida kulob ya ƙi sabunta masa kwantiragi, babu wanda ya neme shi. Ya je ya koyi tuƙin babbar mota, ƙarshe shi ya zama direban motar da ke kai 'yan wasan kulob ɗin.

Shi kuwa ɗan tsakiya, da gwiwa ta gaza, sai ya yi kwas ya zama koci. Ya zagaya ƙananan kulob biyu ko uku, sannan tsohon gidansa ya kira shi. Kakar ta zo da muni. Saura wasa uku, shugaban kulob ya gaya masa ido da ido: in suka faɗa rukuni na uku, ya tattara nasa ya nasa. Shi kuma kullum maganarsa ɗaya ce, 'yan wasan nan ba sa tsayawa inda aka ce su tsaya. Don ya kunyata su, ya sa aka tono faifan wani tsohon wasansa. Bai taɓa kallonsa ba, don a ganinsa abin da ka yi da ƙafarka ba sai ka kalla ba. Da safe, suna cikin mota za su tafi wasa, ya ce kar a tayar tukuna, a saka a talabijin ɗin gaba su ga yadda ake yi. Abin da bai sani ba, faifan na kulob ne, daga can saman rumfa aka ɗauka, fili duka a buɗe, kowa da inda ya tsaya.

Minti goma da farawa ƙwallo ta ɓace, yatsa ya fito. Koci ya ce, "Tsayar nan. Kun gani? Da mutumin yana wurinsa, da an ci." Kyaftin ya ce, "Koci, a ɗan mayar baya." Aka mayar. Ga mai lamba bakwai a daidai inda yatsan zai nuna, hannu a sama, babu kowa kusa da shi. Mai ƙwallo na ta juya ta, yana gyara tsayuwa don a gan shi. Sai da aka toshe hanya, mutumin ya matsa neman wata, sannan mai ƙwallo ya sake ta zuwa inda aka riga aka bari. Aka ci gaba da kallo. Sau shida a wasa ɗaya, kyaftin na ƙirgawa a bayyane. Koci ya ce ai kyamarar ce ba ta tsaya daidai ba. Direba, ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Ina wurin, koci. Kaka biyar ina wurin. Mu tafi, ko za a ƙara kallo?"

Aka tafi. Daga ranar, in ya tsaya bakin layi yana nuna ciyawa, babu mai ɗaga kai. Suka yi canjaras ɗaya, aka ci su biyu, suka faɗa. Ranar da aka sallame shi 'yan jarida suka tare shi a ƙofa. Ka san me ya ce? Wai tsarinsa ba shi da aibu, 'yan wasan ne ba sa inda ya tura su. Direban kuwa yana nan yana tuƙinsa.

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ga kana gyaɗa kai, har ka gano wanda nake nufi, har ka fara shirya yadda za ka kai masa. To sauke yatsan naka tukuna. Da za a ɗauki naka faifan daga saman rumfa, na gida da na wurin aiki, a saka a gaban waɗanda ka ɗora wa laifi, ka ce ba za a ga wani tsaye a wurinsa yana jiranka ba? In ka isa, musa.