Jan Harafi a Bangon Tanimu

Ran da Alhusaini ya zo duba gidan ƙanensa marigayi Tanimu, sai ya tarar da jan harafi a bango, wajen titi. E ne ƙato, da karkataccen tsinke a ka, da ɗigo a ƙasa.

Gidan nan na bakin kasuwar Dakoro ya daɗe da tsone mishi ido. Ƴaƴa mata biyu Tanimu ya bari, don haka wansa na da rabo. Ya ma rantse gaban dangi: gida nashi ne, matar da marayu su koma gonar Sabon Maci. Ita matar, Haula, tana cikin takaba, ba ta da ƙafar kai kuka ko'ina. Jumma'a liman zai raba gado.

Alhusaini ya shiga tambayar ma'anar harafin. Mushen lakwal, malamin boko, ya ce tsinken na Faransanci ne, ɗigon kuwa bai san shi ba. Wani Buzun Tagriss ya ce suna ɗiga ma wasu baƙaƙe a ƙasa, ban da wannan. Bayarabe mai kwanoni ya ce nasu ne sak, amma mi ya kai shi bango? Direban Maradi ne ya kashe mishi jiki: "Jan fenti, Elhaji? Haka aka shafa ma gidajen da hanya ta ci."

Gaba kura, baya siyaki. In ya je meri, ofishin magajin gari, tambaya, gari ya ji, ba mai sayen gidan ko da kuɗin akuya. In ya yi shiru, katafila na tafe. In ya janye, ga rantsuwa a wuya.

Ya iske Haula bayan zana. Ta miƙo ruwa, ya ga yatsunta jajur.

"Lalle cikin takaba, uwar Mansura?"

"Abin da ya kawo ka ke nan, Yaya?"

"Na yi tunani. Bai kamata a raba marayu da ɗakin ubansu ba. Riƙe gidan, in ɗauki gona."

"Gida mai jan rubutu? Takaba nike, ba kurumta ba. Ba ni so."

Ya ƙara da amalanke. Ta ce a kai kasuwa. Ya ƙara da bijimin san da ke janta. Kana ta ce, "Don darajar mai rasuwa." Ya yi kaffarar rantsuwarsa, liman ya shafa fatiha gaban shaidu.

Damina ta zo ta wuce, katafila ko ƙurarta. Haula ta fita takaba, ta kafa teburin kayan miya a ƙofar gidanta. Wata ranar kasuwa Alhusaini ya tsaya gaisuwa, tana auna ma wata mata gishiri da tsohon gwangwanin tumatir ɗinta na madafa.

A jikin gwangwanin, ƙarshen wata kalmar Faransanci, ga E da tsinkensa a ka, daidai ƙarƙashinsa kuma ɗigon tsatsa, sak harafin bangon nan.