Kunyar Sarkin Noma

Tun da injuna masu tuƙa kansu suka karɓe gonakin Unguwar Ɗorawa, aiki ɗaya ya rage wa Sarkin Noma Barau: ran Asabar ya yi huɗa, baƙin birni su yi kallo. Da yamma inji ya baje kunyoyin, don ba a shuka komai.

Yau ma ya duƙa da garma, makaɗi na zuga shi. Matarsa Tabawa ta kawo ƙwaryar fura kamar yadda aka tsara.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce, ba ta dube shi ba.

Ya kafa kai a ƙwaryar da babu komai ciki, ya goge baki. Baƙi suka tafa.

Wata baƙuwa ta matso, idonta ya ciko da ƙwalla. "Haka marigayi babana yake huɗa. Allah ya ba da yabanya, Baba."

Barau ya dubi kunyar da ya tayar, miƙaƙƙiya sambal. Kowa na jiran amsarsa. Yi wa baƙi ƙarya ya riga ya saba, amma amin, Allah ake gaya wa.

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da huɗa.