Igiya a Kowane Reshe

"Zana mini bishiya, Baba," in ji likitar ƙwaƙwalwa.

Tun rasuwar mahaifiyata mahaifina ya daina magana, shi ya sa na kawo shi gwaji nan birnin Tokyo. Na kasa zama, sai leƙe nake. Ya zana bishiyar, ya bi kowane reshe da igiya. Rataye kansa yake shirin yi? Likitar ta ajiye biro, ta soma zancen ba shi gado.

Baba ya ja tsaki. "Kai, 'yan Tokyo! Shekara arba'in ina aikin lambu a garin Kanazawa. Kafin hunturu muke ɗaure rassa, kada dusar ƙanƙara ta karya su."

Ya dube ni.

"Likita, miƙa wa 'yata fensirin. Ita ce ba wanda ya ɗaure wa reshe."