Algus a Ɓargo

Auduga ta uku ta jiƙe a hancin mai kamfanin maganin sauro, haɓon bai tsaya ba.

"Zazzaɓin dengue ne, cizon sauro ke kawo shi," in ji likita. "Cutar ta shiga ɓargonka, inda ake ƙera ƙwayoyin da ke daskarar da jini, ta kassara su. Jinin yana nan, amma ba ya iya tsayar da kansa."

"Wato an yi wa jinina algus," ya ce da ƙyar. Ya san harkar. Shekara goma yana cika gwangwani da ruwa da turare, ya manna hoton mataccen sauro a jiki.

Ya juya kan matarsa. "Ke kuma ina amfaninki? Ban ce kullum a fesa mini na ƙasar waje ba?"

Ta gyara masa filo a hankali.

"Maigida, na ji ka a rediyo kana rantsuwa cewa naka kake fesawa a ɗakinka. Sai na ce ina raye mijina ba zai yi kaffara ba. Wata uku ke nan naka nake fesa maka."

Ta miƙa masa auduga ta huɗu.

"Na wajen kuwa yana ɗakin yara."