Shafin Tsakiya

Motar ta riga ta tashi lokacin da Elizabet ta hango maganin asmar 'yarta Jummy a kan taga. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta tari keke daga Malam Inna zuwa Tumfure, ko a ofishin Jerome za a sami mai bin yarinyar da shi.

Babu wanda bai san Jerome ba a Gombe. Bai cika talatin ba, amma mujallarsa ta tafiye-tafiye ta shiga otal-otal da ofisoshin manya. Shi ya haƙa wa unguwarsu rijiyar burtsatse, shi ya sake wa cocinsu kwano. Abin da ya fi ɗaga sunansa kuwa shi ne 'yan matan da gidauniyarsa ke turawa karatun jinya a ƙasashen waje. 'Ya'yan matan da mazansu suka rasu yake zaɓa, kuma ba ya karɓar ko sisi.

Millicent, babbar 'yar Elizabet, tana cikin waɗanda suka fara tafiya. Kirsimeti biyu sun wuce uwar ba ta ji muryarta ba. Jerome ya ce makarantar ta hana riƙe waya. Sai dai duk fitowar mujalla, ga Millicent a shafin tsakiya, yau a bakin teku, gobe a tashar jirgin ƙasa, tana murmushi. Elizabet takan yanke hoton ta manna a bango. Maƙwabta su duba su ce abincin Turawa bai karɓe ta ba, bai kuma ramar da ita ba, tana nan yadda take.

Da ya zo neman Jummy, Elizabet ta yi jinkiri. Ya durƙusa a tsakar gida da farin wandonsa.

"Mama, so kike ta tsufa a kan farantin gyaɗa? Bari ta je wurin yayarta. Ita za ta ja wa Millicent kunne ta kira ki."

Wannan maganar ce ta karya mata zuciya. Ta ba da ƙaramar don ta ji muryar babbar.

Shekaranjiya Jummy ta wuni a ofis ana ɗaukar hoton fasfo. Ta dawo a gajiye tana dariya, wai kaya aka yi ta sa ta canzawa, sai ka ce amarya.

A Tumfure, Hilda sakatariya kaɗai ta tarar.

"Oga ya raka su filin jirgi, Mama. Zauna in nemo miki lambar direba a wurin maigadi."

Elizabet ba ta iya zama ba. Ƙofar ɗakin ciki a buɗe take. Ta leƙa. Wani koren ƙyalle, irin wanda masu ɗaukar hoto ke tsayar da mutum a gabansa, ya rufe bango tun daga sama har ƙasa. A gefe an rataye manyan rigunan sanyi da fararen rigunan ma'aikatan jinya, duk sun sha hannu. A kan dogon tebur an jera shafukan mujalla da ba a ɗinke ba, kowane da watansa a sama.

Ba ta jin Turanci sosai, amma ta san sunayen watanni, ta san lambobi. Ta shiga ɗaga shafukan tana neman Millicent, ko za ta riga maƙwabta ganin sabon hoto. Wata mai zuwa, babu ita. Na bayansa ma babu. Ta kai ƙarshen shekara, ta tsallaka baɗi.

A shafin Disambar baɗi ta tsaya. Jummy ce, wadda ta bar Gombe da safen nan, tsaye cikin dusar ƙanƙara sanye da ɗaya daga cikin rigunan sanyin da ke rataye a ɗakin, tana murmushi, tana murnar cika shekara guda a makaranta.