Ramin Da Ya Ƙi Cikuwa

Babu ƙarar da Tartsatsi mai walda yake so kamar ta salansa idan ta daki kwalta. Da ya ji ƙwaram, ko kai ba ya ɗagawa. Sai ya tayar da janareta, ya jawo wayar walda daga bayan motarsa, ya jira direban ya gama zage-zagensa ya ƙaraso.

Motar tasa tsohuwar akori-kura ce da ya mayar shago. A bayanta ya ɗaure injin walda, da na yankan ƙarfe, da na huda, da wani tsohon injin feƙe ƙarfe da yake ji da shi kamar ɗan fari. Shekara da shekaru yana yawo da ita, yau gonar da tarakta ta mutu, gobe wurin masu fasa dutse, sai ya shafe watanni bai leƙo gida ba. 'Yar autarsa ta taɓa ganinsa a ƙofa, ta ruga ciki tana cewa an yi baƙo. Shi dariya ya yi. Matarsa kuwa ko murmushi.

Ana nan sai wani rami ya bayyana a babban titi, daidai bakin layinsu, inda gangara ke sa direbobi sakin mota. Wata safiya da ya fito zai kama hanya, ya tarar da motoci a jere, kowacce da abin da ya karye mata. Ya tsaya taimako, kuma tun daga ranar bai sake nisa da gida ba. Ya yi ƙiba, ya san ajin da kowane yaronsa yake, har ya gano ashe matarsa mace ce mai dabara. Tsakar gidansu da ke caɓewa da damina ta shimfiɗe ta da tsakuwa, bai ma san inda ta samo ba. Matsalarta ɗaya ciwon baya, wanda ke tasowa lokaci-lokaci, kuma duk da haka ba ta fasa sammakon sharar ƙofar gida.

Ma'aikatan hanya sun yi iya ƙoƙarinsu. Sukan zo da motoci uku saboda rami ɗaya, su auna shi, su ɗauki hoto a bakinsa, su cike, su sake ɗaukar hoto. Tartsatsi ya yi 'yan kwanaki yana hamma. Sai kawai a wayi gari ramin ya dawo inda yake, har ya ɗan ƙara faɗi.

Shugaban kwamitin unguwa, wani tsohon ma'aikaci da ritaya ba ta raba shi da son taro ba, ya kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin kwamitin ya ce ruwa ne a ƙarƙashin ƙasa. Da rani ya shigo ya ce manyan motoci ne. A ƙarshe wani ya tambaya wa ke amfana, sai duk ido ya koma kan akori-kura.

"Malam mai walda," in ji shugaban, "ramin nan kai kaɗai yake ciyarwa."

"Ranka ya daɗe, wallahi ko tsinke ban taɓa sa masa ba. Ni ɗinkin ƙarfe na sani."

Gaskiya ya faɗa. Iyakar laifinsa, idan ya ga motocin ma'aikata sun iso, gabansa kan faɗi.

Aka rasa hujja, amma wani attajiri da ramin ya ci wa salansar sabuwar mota ya kawo siminti da rodi. Aka zuba kankare mai kauri, shugaban ya yi jawabi, aka tafa. Tartsatsi ma ya tafa, don ana kallonsa.

Kwanaki suka shuɗe, motoci na wucewa sumul. Janareta ya yi ƙura. Tartsatsi ya canza man inji, ya duba tayoyi, ya ɗauko tsohuwar tabarmar da yake kwana a kanta a ƙarƙashin mota. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin sai yanzu ya san daɗin kwana a ɗakinsa, da daɗin 'yar auta ta hau masa wuya. Ya ce wa matarsa gobe zai koma yawo. Ya zaci za ta yi kuka, amma ta ce Allah ya kai mu.

Da la'asar yana ɗaure kaya, ta fito masa da ruwa. Ta tsaya tana ƙare wa injinan kallo, ita da ba ta taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba.

"Baban yara, wannan mai faifan, yana cin kankare?"

"In aka sa masa faifan dutse, har rodin ciki zai yanke. Me ya faru?"

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"To nuna min inda ake kunna shi. Kwalta ba ta taɓa gagarata ba, amma wannan abin da suka zuba ya fi ƙarfin diga."