Allon Bakin Hanyarmu

"Tuge shi," in ji ogana, yana nuna allon lambar titi da ke bakin hanyar gidanmu.

Satina na farko ke nan a aikin titunan jihar Nevada. Na ce, "Oga, in babu lambar nan, gireda ba za ta sake shiga ta gyara hanyar ba. Ruwan sama ɗaya ya isa ya hana motar asibiti zuwa wurin mahaifiyata."

"Yaro, tun ba a haife ka ba jiha ta soke lambar. Masu gireda ne ba sa tambaya, da sun ga allo sai su shiga."

To wa ya kafa shi? Na girgiza ƙarfen har ya fito daga yashi, na kifar da allon. Ban taɓa duba bayansa ba. Fari ne, da guraben ajiye ƙwai a jere. Ƙofar firji ce, fentin kuma irin na shingen babana.

Oga ya daɗe yana kallo, yana sosa gemu.

"Allon gwamnati aka ce mu cire," ya ce. "Wannan kuwa kayan kicin ne. Mayar wa tsohonka abinsa inda ka tuge shi, ka danne ƙasar da kyau."